AMSAR WASIƘUNKU: Tarihin Injekta Da Zugazugin Injin Mota

TAMBAYA: Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, bakanike a garin Kaya cikin Ƙaramar Hukumar Maradun ta Jihar Zamfara. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga ma'aikatan wannan fili, ya ce shi dai a kan kafireto ya koyi aiki a Talata Mafara, amma yanzu kusan duk motar da za a kawo masa mai injekta ce. Ya ce ga shi an kawo masa wata Marsandi mai rubutun Kompressor a bayanta, injektocinta sun gaji, mai motar kuma ya nace sai an sa masa manya don ta ƙara gudu. Shi ne yake roƙon a ba shi tarihin injekta da na abin nan da ke hura wa inji iska, wa ya ƙago su, yaushe suka shigo ƙasar nan, kuma yaya ake zaɓen wanda ya dace, don kada ya ƙona injin mutane a wayi gari ana neman sa da biya.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma ka yi daidai da ka tambaya, domin masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata. Bari mu faro daga tushe. Shi injin mota, ko na fetur ko na gas, da wuta yake aiki, wuta kuwa ba ta ci sai da iska. A injin fetur, masana sun auna sun ga cewa kowane kilo 1 na mai yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai. In mai ya rinjayi iska, sai baƙin hayaƙi da asarar kuɗi. In kuwa iska ce ta rinjayi mai, sai zafi ya hau, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Duk tarihin da za ka ji yau, na ƙoƙarin daidaita waɗannan abubuwa biyu ne.

Kafireto, wanda ka ce a kansa ka buɗe ido, shi ne ya riga zama gari. Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Maybach ya fito da samfurinsa mai fesa mai a 1893, kuma a kan wannan tsari aka yi ta tafiya shekara da shekaru. Yadda yake aiki shi ne, iskar da inji ke zuƙa ita ce ke jan mai daga ɗan ƙoƙon da ke cikinsa ta wuce da shi. Watau kafireto jira yake a zo a ɗiba. Shi kuwa injekta ba ya jira, famfo ne ke matso mai da ƙarfi, ya fesa shi ta 'yan ƙananan ƙofofi kamar raɓa, a daidai lokacin da ake so da kuma daidai gwargwadon da ake so.

Asalin injekta kuwa daga injin gas ne. Rudolf Diesel, wanda sunansa ya bi man dizal har yau, ya samu nasarar tayar da injinsa sosai a 1897 a birnin Augsburg na ƙasar Jamus. Injin nasa ba shi da fulogi. Iska ake matsewa a cikin silinda har ta yi zafi jau, sannan a fesa mai ya kama da kansa. To ka ga ke nan dole a samu abin da zai tura mai cikin wannan matsi. Da farko da matsattsiyar iska ake hura man, abin da ya sa injunan suka zama gingima-gingima, sai dai masana'antu da jiragen ruwa. Sai a 1927 kamfanin Robert Bosch da ke Stuttgart ya soma ƙera famfon injekta da yawa don sayarwa. Daga nan ne injin gas ya yaɗu sosai a manyan motoci da taraktoci.

Yanzu sai mu juya ga mai hura iska, wanda Turawa ke kira sufacaja, Jamusawa kuma su ce Kompressor. In kana son ka gane shi, je ka maƙera ka tsaya. Gawayi yana ci a hankali, amma da zarar yaron maƙeri ya kama zugazugi sai ka ga wuta ta yi fari. To shi ma wannan zugazugi ne, kuma a maƙera aka haife shi. Wasu 'yan'uwa biyu, Philander da Francis Roots, a jihar Indiana ta Amurka, su ne suka yi rajistar wani injin hura iska a 1860, aka riƙa amfani da shi a wuraren narkar da ƙarfe. Daga baya masu ƙera motoci suka ga ai in an cusa wa inji iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, aka ƙara masa mai daidai da ita, ƙaramin inji zai yi aikin babba. Kamfanin Daimler ya nuna motocin Mercedes masu irin wannan zugazugi a bikin baje kolin motoci na Berlin a 1921. Ɗan'uwansa kuma shi ne turbo, wanda wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi wa rajista a 1905. Bambancinsu ɗaya ne: sufacaja bel ne ke juya shi daga jikin inji, shi kuwa turbo hayaƙin da ke fita zuwa salansa ne ke juya shi.

Inda aka yi gwajin da ya raba gardama tsakanin kafireto da injekta shi ne sararin samaniya, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1940, da jiragen Jamus da na Ingila suka yi ta ba-ta-kashi a kan Ingila, kowane ɓangare injinsa yana da zugazugi. Amma jirgin Jamus samfurin Messerschmitt 109 da injekta yake sha, shi kuwa Spitfire na Ingila mai injin Rolls-Royce Merlin da kafireto. In matuƙin Jamus ya ga an biyo shi, sai kawai ya kifa hancin jirgi ƙasa ya sulale. In na Ingila ya kifa nasa haka, sai man da ke cikin ƙoƙon kafireto ya tashi sama, inji ya shaƙe na ɗan lokaci, abokin gaba ya tsere. Wata injiniya mace ce, Beatrice Shilling, ta ƙago wani ɗan zoben ƙarfe mai huda da ke ƙayyade man, aka sassaka wa jiragen a 1941, matsalar ta yi sauƙi. Amma dai duniya ta riga ta ga inda gaba take.

Bayan yaƙi sai dabarar ta sauko ƙasa. A farkon shekarun 1950 wasu ƙananan motocin Jamus, Goliath da Gutbrod, suka fito da injekta na Bosch. A 1954 aka nuna Mercedes 300 SL a birnin New York, mai silinda 6 da ƙarfin doki 215, abin da ya girgiza masu sha'awar mota a wancan zamani. Faransawa ma ba a bar su a baya ba, don tun 1962 akwai Peugeot 404 mai injekta na kamfanin Kugelfischer, haka kuma wani samfurin 504 da ta fito a 1968. Duk waɗannan na ƙarfe ne zalla, babu lantarki a cikin lissafinsu.

Amurkawa ne suka fara gwada sa wa injekta ƙwaƙwalwar lantarki. Kamfanin Bendix ya yi wani tsari mai suna Electrojector, aka sa shi a wasu 'yan motocin Chrysler na 1958. Abin bai yi armashi ba, ya yi ta ba da wahala, har aka cire wa akasarin motocin aka mayar musu da kafireto. Ka riƙe wannan labari Malam, za mu sake cin karo da irinsa a gida. Bosch ne ya ɗauki dabarar ya gyara, ya fito da D-Jetronic a 1967 a cikin Volkswagen 1600. Sai K-Jetronic a 1973, wanda tsofaffin kanikawa suka sani a Marsandi 230E da 280E. A 1976 aka fara sa na'urar da ke sansanar hayaƙin salansa tana gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, a motocin Volvo. A 1979 kuma Motronic ya haɗa lissafin mai da na wutar fulogi a akwati guda, shi ne kakan abin da kuke kira biren bos. Abin da ya ƙarasa kafireto kuwa doka ce. Ƙasashen Turai da Amurka sun tsananta dokokin hana gurɓata iska, kafireto ya kasa cika sharuɗɗan, zuwa farkon shekarun 1990 ya ɓace daga sababbin motocinsu.

To mu a nan gida fa? Mu labarinmu ya sha bamban. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya soma harhaɗa motoci a 1975, kuma akasarin Fijo 504 da ya cika ƙasar nan da ita mai kafireto ce, don ita ta dace da hanyoyinmu da man da muke samu da kuma hannun kanikawanmu. An ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da sallamar ta. Saboda haka tsara guda cur ta kanikawa ta tashi ba ta san komai ba sai kafireto, kuma sun iya shi ƙwarai. Da sukudireba da kunne kawai bakanike zai saita silo, mota ta tashi lafiya lau.

Amma kada ka ɗauka injekta baƙo ne a yankinku. Ta ƙofar injin gas ya riga ya shigo. Lokacin da kamfanin Impresit na Italiya yake gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, katafiloli da tifofi da manyan injunan da suka yi aikin da gas suke tafiya. Haka taraktocin da suka yi noman rani daga Talata Mafara har Bakura da Maradun, haka injunan niƙa na ƙauyuka, haka manyan motocin da ke bin hanyar Gusau zuwa Sakkwato. Kowannensu yana da famfo da nozul. Shi ya sa tun da daɗewa a garuruwanmu akwai masu sana'ar gyaran famfo da nozul daban, ba su haɗa aiki da masu ƙananan motoci. Abin da ya zo sabo shi ne injekta na fetur mai lantarki.

Shi kuwa talauci ne ya kawo mana shi. Bayan da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma ga motocin gwanjo daga Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko Beljiyam ko 'yan Kwatano, tun da yawancinsu ta tashar jiragen ruwan Kwatano suke biyowa. Sannu a hankali masu injekta suka rinjaya a cikinsu. Da suka soma ba da matsala, ga rashin na'urar gwaji, ga rashin wanda ya koya, sai kanikawa da yawa suka ɗauki hanyar da Chrysler ta bi a da: a kwance injekta, a nemo kafireto a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, a ɗaura. Mota takan tashi kam, amma sai shan mai ya ƙaru, ƙarfi ya ragu. Wannan dabara ta ci kasuwarta ta watse, domin motocin baya-bayan nan komai nasu a hannun ƙwaƙwalwa yake, har giya. Tun 1996 Amurka ta wajabta wa kowace mota wata kafa da ake jona kwamfuta ta faɗi abin da ke damun ta, kuma yau a manyan garejin Kano da Kaduna da Gusau da ita ake fara bincike. Bakaniken da ya ƙi koyon wannan, yana ji yana gani aiki zai bar hannunsa.

Ita kuwa irin motar da ke gabanka, a tsakiyar shekarun 1990 ne Mercedes ya farfaɗo da tsohon sunan nan na Kompressor, ya sa zugazugi irin na Roots a ƙananan injuna masu silinda 4, kuma da yawa daga cikinsu sun iso mana a gwanjo. To ga amsar tambayarka ta ƙarshe. In motar tana nan yadda kamfani ya yi ta, ba a taɓa zugazuginta ba, babu wani zaɓi da ya wuce ka duba lambar da ke jikin tsohon injekta ka nemo irinta sak. Ka gaya wa mai motar cewa babban injekta shi kaɗai ba ya ƙara gudu. Iska ce ke kawo ƙarfi, mai biye mata yake. In ka sa manya alhali ƙwaƙwalwar tana lissafi da ƙanana, za ta buɗe su tsawon lokacin da ta saba, mai ya kwarara fiye da kima. Sakamakon shi ne baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, silo ya ƙi zama, fetur ya wanke jikin silinda ya gangara cikin baƙin mai. Ga shi tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ba abin wasa ba ne.

In kuwa an ƙara wa inji iska da gaske, alal misali an canja kurar da ke juya zugazugin don ya ƙara sauri, ko an ɗaura zugazugi a injin da ba shi da shi, to a nan ƙaramin injekta shi ne haɗari, kuma ya fi na farko muni. Iska za ta rinjayi mai a daidai lokacin da aka take totur, zafi ya hau, fistin ya narke ko ya huje, shi ke nan an yi asarar inji. Don haka ake yin lissafi. Ana auna girman injekta da yawan man da yake fesawa a minti ɗaya, da ma'aunin cc. Inji mara zugazugi yana bukatar kimanin cc 5 a minti ga kowane ƙarfin doki 1. Mai zugazugi kuwa kimanin cc 6 ne ko fiye kaɗan, domin shi kansa zugazugin yana cin wani kaso na ƙarfin, kuma da gangan ake ɗan ƙara mai don ya sanyaya silinda. Sannan ba a son injekta ya kasance a buɗe fiye da kashi 80 cikin 100 na lokacin aikinsa, don ya samu sararin rufewa.

Ga misali. A ce inji mai silinda 4 ake son ya ba da ƙarfin doki 200. Sai ka ce 200 sau 6, ya ba ka cc 1,200 a minti. Ka raba wa injekta 4, kowanne ya samu 300. Sai ka raba 300 da 0.8 saboda sararin nan da muka ambata, ya ba ka 375. Ke nan za ka nemi mai cc 375 ko wanda ya ɗara shi kaɗan, kamar 400. Ba za ka je ka ɗauko mai 800 ba wai don ya fi, domin kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Akwai sauran abubuwa huɗu da za ka kula da su. Na farko, matsin mai. Akasari a kan matsin bar 3 ake rubuta girman injekta, kuma iskar da zugazugi ke turowa tana danne bakinsa, don haka dole matsin mai ya riƙa hawa tare da ita. Kada kuma ka ce za ka rufe giɓin ƙaramin injekta da ƙara matsi kawai, domin ko ka ninka matsin sau biyu, abin da zai ƙaru bai wuce kashi 41 cikin 100 ba. Na biyu, lantarkinsa. Ka sa mita ka auna, wasu suna nuna ohm 12 zuwa 16, wasu kuma 2 zuwa 4. In ka jona na biyun a ƙwaƙwalwar da aka yi don na farkon, kana iya ƙona ta, ita kuwa ta fi injektocin tsada. Na uku, famfon mai da filta. In famfon da ke cikin tanki ya gaji, ko wane irin injekta ka sa ƙishirwa zai yi. Na huɗu, duk wanda ya canja girman injekta sai ya kai motar wurin mai kwamfuta an sake wa ƙwaƙwalwar lissafi. Kuma a canja su duka tare, iri ɗaya, da sababbin robobin baki, kada a yi gamin gambiza.

Daga ƙarshe, ka tuna da ƙasar da kake. Ƙofofin injekta ƙanana ne ƙwarai, ɗan datti kaɗan ke toshe su. Man jarka na 'yan bumburutu, da ruwan da ke taruwa a gindin tanki, da ƙurar hunturu, su ne manyan abokan gabarsa. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, masu motoci da dama suka koka. Ga kuma zafin bazara, da yakan haura digiri 40 a Zamfara, alhali zugazugi da kansa yana ƙara wa iska zafi. Saboda haka a duba ɗan lagireton da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, a tabbata bai toshe ba. Sau da yawa ma injektan da aka ce ya gaji wanki kawai yake so, sai a kai shi a gwada feshinsa kafin a sa mutum kashe kuɗi. Ga masu aikin gas kuma muna jan kunne, kada wanda ya kuskura ya tara hannu a bakin nozul yana fesawa. Matsin injunan gas na zamani yakan kai bar 2,000, man yana huda fata ya shiga jiki, abin ya kai ga yanke yatsa.